Darasi na Tara: 'Yan Mata Masu Tasowa a Halin Gudun Hijira

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. ambata abubuwan da suka sha raba mutane da gidajensu a Lafiya da kewayenta;
2. bayyana haɗuran da ke fuskantar yarinya mai tasowa idan an yi gudun hijira;
3. faɗin abin da gida da unguwa za su iya yi mata ba tare da jiran hukuma ba;
4. sanin inda za a nufa, kuma cikin wane lokaci, idan an ci zarafin yarinya.

1. Baƙin da ba su shirya tafiya ba

Duk wanda ya daɗe a Lafiya ya taɓa ganin motar ɗaukar doya ta shigo gari ta hanyar Obi ko ta Doma, amma maimakon doya sai ka ga mata da yara cunkushe, da tabarmi, da tukwane, da akuya ɗaya ko biyu ɗaure a gefe. Ba cin kasuwa ya kawo su ba. Gudun ceton rai suka yi.

An ƙirƙiri Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Kudancinta, wato Lafiya da Doma da Obi da Keana da Awe, ƙasa ce mai albarkar doya da rogo da riɗi da shinkafa, ga kuma ruwa da ciyawar kiwo. Wannan albarka ce ta tara ƙabilu da yawa wuri ɗaya, kuma a kan filin noma da burtali da sarauta ne aka fi samun saɓani. A watan Yunin 2001, bayan kisan Sarkin Azara, rikici ya watsu a yankin, dubban mutane suka bar ƙauyukansu. Daga 2012 zuwa 2014 wutar ta sake tashi a wurare irin su Assakio da Agyaragu da Obi. A farkon 2018, jim kaɗan bayan dokar hana kiwon sake ta fara aiki a Jihar Binuwai a watan Nuwamban 2017, faɗan manoma da makiyaya ya tsallako iyaka, makarantun firamare a Awe da Keana da Obi suka cika da masu neman mafaka. A watan Disambar 2021 ma an kai hare-hare a ƙauyukan Lafiya da Obi da Awe. Ruwa shi ma ya yi nasa korar: ambaliyar 2012 da ta 2022 sun cinye gidaje da gonaki a garuruwan bakin Kogin Binuwai.

Babu ƙabila ko addinin da wannan masifa ta ƙyale. Manomi ya gudu, makiyayi ya gudu, Musulmi ya gudu, Kirista ya gudu.

Wanda ya bar gidansa dole amma bai tsallaka iyakar ƙasa ba, shi ake kira ɗan gudun hijira na cikin gida. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniya a birnin Kampala a 2009 don kare irin waɗannan mutane, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2012. A nan jihar, hukumar NASEMA ce ke kula da agajin gaggawa, tare da ta tarayya, wato NEMA. Sai dai mu lura da abu ɗaya: zaman sansani ba ya daɗewa a wurinmu. Bayan 'yan makonni ana buƙatar azuzuwa, sai mutane su watsu cikin gari, wasu gidan dangi, wasu kango, wasu ɗakin haya a Shabu ko Tudun Amba ko Bukan Sidi. Ke nan yawancin aikin kula da su a hannun mutanen unguwa yake, wato a hannunmu.

2. Ba yarinya ba, ba babba ba

Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran wanda ke tsakanin shekara 10 da 19 mai tasowa. A wannan tsakani ne yarinya ke fara al'ada, jikinta ya canza, idon maza ya fara sauka a kanta, alhali hankalinta bai gama ƙwari ba.

Ku duba yadda rabon agaji ke tafiya. Jariri yana da allurar rigakafi da abincin tamowa. Mai ciki tana da awo. Magidanci shi ake rubuta sunansa a katin rabo. To, ina 'yar shekara goma sha huɗu? Ta wuce layin yara, ba ta kai layin mata ba. Idan aka kira taron jin koke, tana can bakin rijiyar burtsatse, ko tana goye da ƙaninta, ko ta tafi neman itace. Ita ce ta fi kowa aiki a sansani, ita ce kuma ba a tambaya.

A ƙauyensu akwai katangar da ke kare ta ba tare da kowa ya lura ba: kaka tana gida, maƙwabta sun san 'yar wane ce, malaminta zai yi cigiya idan bai gan ta ba, ƙawayenta suna rakiyar juna zuwa rafi. Gudun hijira yana rushe wannan duka a dare ɗaya. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Karatu: Ke me kike so?

Wannan labari misali ne, an tsara shi don tattaunawa a aji.

Yarinyar tana aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da suka gudo, ita da mahaifiyarta da ƙannenta uku. Mahaifinta ya tsaya a baya ko zai tsira da wani abu daga rumbu. A makarantar firamaren da aka sauke su, iyalai da yawa ne a aji ɗaya, an jingine bencina jikin bango, an raba ɗakin da zannuwa. A kwana na uku al'adarta ta zo. Zane ɗaya gare ta. Ta yagi gefen tsohon ɗankwalin mahaifiyarta ta yi ƙunzugu, amma ina za ta wanke, ina za ta shanya, ga maza zaune a baranda? Sai ta riƙa tura shi ƙarƙashin tabarma da danshinsa. Banɗakin yana bayan azuzuwa, ba ƙyaure, ba fitila. Daga la'asar take daina shan ruwa don kada fitsari ya tashe ta da dare.

Bayan mako uku gwaggonta ta kwashe su zuwa gidanta a cikin Lafiya. Ɗaki biyu, mutum goma sha ɗaya. Yarinyar ta karɓi wanke-wanke da ɗiban ruwa, da yamma kuma ta ɗauki tallan gyaɗa zuwa tasha. Wani mai shago ya fara sayen gyaɗar duka, yana ƙara mata da canji. Ba a yi wata biyu ba ya aiko.

Da dare mahaifiyar ta samu gwaggo a tsakar gida.

"Yaya, ni dai na rasa yadda zan yi. Mun yi muku nauyi. In aka ba shi ita, ko ba komai baki ɗaya ya ragu, kuma ta samu inuwa."

Gwaggo ta yi shiru, sannan ta ce, "Nauyin da Allah Ya ɗora ai ba a sauke shi a kan yarinya. Kin tambaye ta?"

"Wace tambaya kuma, Yaya? Yarinya ce."

"In ta isa a kai ta ɗakin miji, ai ta isa a ji ta bakinta."

Aka kira ta, ta durƙusa. Gwaggo ta ce, "'Yata, ke me kike so?"

Ta daɗe tana wasa da bakin hijabinta kafin ta ce, "Gwaggo, littattafaina ne suka ƙone. Karatun yana nan, ban manta ba."

Washegari gwaggo ta saka mayafi, ta biya gidan mai unguwa ya haɗa ta da ɗan rakiya, suka nufi makarantar gwamnati mafi kusa. Babu takardar shaida ko ɗaya a hannunsu. Shugabar makarantar ta ba yarinyar alli, ta sa ta yi lissafi a allo, ta kuma karanta shafi ɗaya. Ranar Litinin ta shiga aji da tsohon yunifom ɗin 'yar maƙwabta. Tallan gyaɗa kuwa ya koma ƙofar gida, inda idon gwaggo ke kai.

4. Ramuka huɗu a kan hanyarta

*Barin makaranta.* Shi ne ramin farko, kuma shi ke kaiwa ga sauran. Yarinyar da ta yi zango ɗaya a gida tana iya komawa cikin sauƙi. Wadda ta shekara biyu takan ji kunyar zama da ƙannenta a aji, sai ta haƙura.

*Auren wuri.* Yawancin iyayen da ke aurar da 'ya a halin hijira ba mugunta ce ke sa su ba. Tsoro ne da talauci: tsoron kada a lalata ta, da rashin abin ciyar da ita. Amma jikin da bai gama girma ba yana wahala wurin haihuwa. Doguwar naƙuda ce ke jawo yoyon fitsari, kuma matsalolin ciki da haihuwa suna cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a duniya. Auren da aka ƙulla don yunwa kuma sau da yawa ba ya ƙarko, sai ta dawo gida da goyo, bakin da aka so ragewa ya zama biyu.

*Aikatau da safara.* Abuja ba ta da nisa da mu. Wata za ta zo da fara'a ta ce za ta kai yarinya aiki gidan masu hali, har da alkawarin makaranta. Kafin a amsa, a tambaya: gidan wa? Wace unguwa? Wa zai karɓi albashin? Yaushe za mu ji muryarta? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kada a ba shi 'ya. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, aikinta ke nan: yaƙi da safarar mutane.

*Cin zarafi.* Yakan faru a hanyar itace, a banɗaki da dare, a wurin talla, har ma a cikin gidan da aka sauke ta. Wani lokaci mai rabon kaya ne da kansa zai ce sai ta ba shi haɗin kai kafin ya rubuta sunan gidansu. Kowa ya sani: kayan agaji kyauta ne. Duk wanda ya nemi wani abu a madadinsu, ko wane ne shi, mai laifi ne, a kai ƙararsa.

5. Abin da za mu iya yi

*A tambaye ta.* Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan za a haƙa masai ko a sa famfo a sansani, a tara 'yan matan su kaɗai, tare da mace babba da suka yarda da ita, su nuna wuraren da suke tsoro. A gaban iyaye maza ba za su buɗe baki ba.

*A mayar da ita aji da wuri.* Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Dokar ba ta ware ɗan gudun hijira ba. Idan takardar haihuwa ta ƙone, a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa a nemi wata. Akwai kuma shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata a sakandare, wanda aka fara a 2020 da taimakon Bankin Duniya, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa ƙarin jihohi har da Nasarawa. Wadda ta riga ta yi aure ko ta haihu, ƙofar ajin manya irin wannan namu a buɗe take gare ta.

*A buɗe mata zauren 'yan mata.* Wuri ne da 'yan mata goma sha biyar ko ashirin za su riƙa haɗuwa sau ɗaya ko biyu a mako, ƙarƙashin mace mai hankali da riƙon sirri. Ana koyon karatu da lissafi, da sanin jiki, da yadda ake cewa a'a, da inda ake kai kuka. Mafi girman amfaninsa shi ne yarinya ta sake samun ƙawaye. Ba ya buƙatar gini. Tsakar gida ya isa, ko ajin Islamiyya, ko harabar coci. Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata da ke Zariya ta yi shekaru tana gudanar da irin waɗannan zauruka a ƙauyuka, da yardar iyaye da malamai, kuma sun taimaka wa 'yan mata da dama su zauna a makaranta.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, an haife ta a 1793. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ɗanɗani yunwa da ƙaura da zaman ɗar-ɗar. Da ta girma sai ta kafa 'Yan Taru, inda take horar da mata da ake kira jaji, su shiga ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu mata. Yarinyar da ta yi gudun hijira ce ta zama malamar mata ta zamaninta. A yau ƙungiyoyi irin su FOMWAN da Zumuntar Mata ta coci-coci suna da mutane a kusan kowace unguwa, kuma za su iya ɗaukar wannan aiki.

*A tanadi kayan al'ada.* Idan ana haɗa gudummawa a masallaci ko coci, masara da shinkafa ake fara tunawa. A ƙara da audugar mata ko ƙyalle mai tsabta, da sabulu, da kamfai, da bokiti, da tocila. Mace ce za ta raba su, a keɓe. Mai amfani da ƙyalle ta wanke da sabulu ta shanya a rana ya bushe sarai. Ƙa'idar da masu aikin agaji ke bi a duniya ita ce masai ɗaya ga mutum 20, kada nisansa ya wuce mita 50 daga wurin kwana, a raba na mata da na maza, a sa ƙyaure da sakata ta ciki. Ruwa kuma aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana.

*A kula da lafiyarta.* Mai al'ada tana asarar jini duk wata, don haka tana buƙatar wake da zogale da alayyahu, kada a bar ta da ƙanzon tukunya. A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. A tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

*A koya mata sana'a, amma ba a madadin karatu ba.* Matan Keana da Awe sun gaji dafa gishiri tun kaka da kakanni, matan Lafiya sun san ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da gari. Ga ɗinki, ga saƙa, ga gyaran waya. Sana'ar da za a yi a gida ko kusa da gida ta fi tallan tasha. Idan mahaifiya ta samu jari ko ta shiga adashi, nauyin ciyar da gida ya sauka daga kan 'yar.

*Maza su shigo ciki.* Uba ne ke ba da aure, mai unguwa ne ke sanin baƙon da ya sauka, liman da fasto ne ake saurara. Samari kuma su ne za su raka ƙannensu itace, su kuma tsawata wa abokansu.

6. Idan abin ya riga ya faru

Idan aka yi wa yarinya fyaɗe, ga matakai:

1. A yarda da maganarta. Kada a dake ta, kada a tambaye ta me ya kai ta. Laifin na wanda ya aikata ne.
2. A kai ta asibiti nan take, wato babban asibiti mafi kusa. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, wato kwana uku. Akwai kuma taimakon da likita zai iya bayarwa cikin kwana biyar don kada ciki ya shiga.
3. In da hali, kada ta yi wanka kafin a duba ta, kuma a adana tufafin da ke jikinta ba tare da an wanke ba.
4. A sanar da 'yan sanda ko Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana taimaka wa marasa hali.
5. A rufa mata asiri, ba a rufa wa mai laifi ba. Sulhun da ake yi a zaure a karɓi kuɗi, shi ke ba shi damar komawa kan 'yar wani.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma Nasarawa na cikin jihohin da suka amince da ita. Haka nan dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta tanadi hukunci mai tsanani a kan fyaɗe.

Muhimman kalmomi

*Mai tasowa:* wanda ke tsakanin shekara 10 da 19.
*Masu masauki:* mutanen garin da suka karɓi 'yan gudun hijira.
*Safarar mutane:* ɗaukar mutum ta hanyar yaudara ko tilas don a ci da guminsa.
*Zauren 'yan mata:* wurin haɗuwa mai aminci ƙarƙashin jagorancin mace babba.

Tambayoyi

1. Ambaci abubuwa biyu da suka raba mutane da gidajensu a kudancin Nasarawa.
2. Me ya sa yarinyar cikin labarin take daina shan ruwa daga la'asar?
3. Mahaifiyar yarinyar muguwa ce? Kawo dalilinka.
4. Awa nawa ake da su don fara maganin kariya daga ƙanjamau?
5. Lissafi: mutum 400 ne a wata makaranta. Masai nawa ake buƙata? Iyali mai mutum 5 kuma, jarka nawa mai cin lita 25 za su buƙata a rana?

Aikin rukuni

Ku kasu gida uku. Rukuni na farko su zana taswirar unguwarsu, su sa alama a wuraren da yarinya ba za ta so bi da dare ba. Na biyu su lissafa kuɗin kayan al'ada na yarinya ɗaya na wata uku, da farashin kasuwar yau. Na uku su kwaikwayi yadda za su tunkari uban da ke shirin aurar da 'yarsa mai shekara 13, cikin ladabi, ba tare da sun kunyata shi ba.

Kammalawa

Ba mu ke da ikon tsayar da ambaliya ba, kuma sulhunta rikici aiki ne mai tsawo. Amma sakata a ƙofar banɗaki, da sabulu, da rakiya zuwa ofishin shugabar makaranta, duk ba su fi ƙarfinmu ba. Ɗa na kowa ne, kuma wanda ya sauki baƙo yau bai san inda gobe za ta kai nasa ba. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya bincika ko akwai yarinyar da hijira ta kawo unguwarsu kuma ba ta zuwa makaranta. In akwai, a je a gaida iyayenta, a nemi izininsu, sannan a tambaye ta abin da gwaggo ta tambaya: ke me kike so?